Jiki Ya Yi Tsami, A Yanko Alobera

Mu dai motsa jikinmu ba ya zuwa haka kawai, sai da dalili. Ko dai likita ya ɗaura wa mutum abin awon jini ya girgiza kai, ko tela ya ce yadin da aka saba ba zai ƙara rufe tumbin ba, ko kuma an sa ranar ƙwallon magidanta da gwauraye ta bayan Sallah. In babu ɗayan ukun nan, kowa yana kishingiɗe a tabarmar majalisa, in ya ga wani ya wuce da gudu a titi sai ya leƙa ya ga wa ya biyo shi. Amma ranar da abin ya motsa mana, ba ma ɗaukarsa da wasa. Mutumin da rabonsa da gudu tun ranar da karen maƙwabta ya bi shi yana firamare, shi ne zai je gwanjo ranar Juma'a ya sayo kambas, ya tashi da asubar Asabar ya ce yau sai ya zagaye filin sukuwa sau goma, in ya gama kuma ya biya wajen 'yan ɗaga ƙarfe ya nuna wa yaran nan cewa shi ma ya yi zamani. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ranar tafiyar muke shuka duman.

Ranar da aka yi abin, lafiya lau. Mutum zai dawo gida yana huci, ya baje a tsakar gida, ya tashi da ƙosai faranti guda da koko kofi biyu don ya maido abin da ya ɓatar, ya shiga ba da labarin ƙwallon da saura ƙiris ya ci. Daren nan barci mai daɗi. Washegari ya ji ɗan nauyi a cinya, ya ce ai alamar aikin ya shiga ne. Sai jibi. Jibi ake biyan bashi. A sahun Asuba ake gane mu, domin in liman ya yi kabbara aka taso daga sujada, za ka ji nishi yana fitowa daga nan da can, wasu sai an kai rabin Fatiha suke gama miƙewa. Wanda ofishinsa ke saman bene zai hau da ƙyar, amma saukowar ce ke sa shi riƙe ƙarfen gefe yana takawa a karkace. Maganar banɗaki mai tsuguno kuwa a bar ta kawai, kowa ya san abin da ya gani a ciki, babu kuma wanda ya taɓa ba wani labari. In ka ce, "Alhaji, lafiya kake ɗingishi?" sai ya ce, "Lafiya ƙalau, ɗan sanyi ne ya kama ni." A watan Afrilu, ana zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa.

A nan ne alobera ke samun daraja. Da wuya ka shiga gida a layinmu ba ka gan ta ba, a tsohon bokitin fenti ko fasasshen baho, can bayan randa, kuma ta matan gida ce. Su suka karɓo 'yarta a wajen ƙawa, su ke shafa ta a gashi da fuska, su suka san ranar da ta yi sabon ganye. Maigida kuwa shekara guda yana yi mata gori, wai an cika masa gida da ciyawa mai ƙaya. Sai ga shi ya fito daga ɗaki yana dafa bango.

"Maman Abba, wai ina ganyen nan naki?"

"Wanne? Wanda ka ce in fitar da shi waje yana tara maka sauro?"

"Ke dai yanko min guda, mai ƙiba."

"To, sannu ɗan wasa."

Gidan da babu alobera kuwa, ai akwai yaro. "Salamu alaikum, wai in ji Babanmu yana gaishe ku, wai a sam masa ko guda biyu." Kafin la'asar ɗin ranar Litinin, bokitin da ya fi kowanne cika a layin ya koma kututture, mai shi tana tsaye a kansa tana salati, kuma ba ta da bakin hanawa, domin gidajen da suka aiko su ne ke ba ta aron turmi da tsani.

Daga nan sai mazhabobi su rabu. Akwai masu fere ƙayar, su tsaga ganyen biyu, su goga kai tsaye. Akwai masu cewa sai ta kwana a firji, waɗannan 'yan layin da ake samun wuta ne. Akwai masu ɗora ganyen a kan garwashi ya yi ɗumi tukuna, su ce sanyi ne ya shiga jijiya, zafi ne zai kore shi. Su da 'yan firji sun yi shekaru suna musu, kuma abin mamaki kowane ɓangare ya warke. Sai manyan malamai, masu haɗi: alobera, man zafi, man kaɗanya, man zaitun da Hajiya ta zo da shi daga Makka, ɗan man habbatus sauda, in an dace da kitsen damo a ɗiga, a kwaɓa a murfin kwano, a lafta, a naɗe da tsohon rawani. In mai wannan haɗin ya nufo majalisa, warinsa kan riga shi sallama. Kowace majalisa kuma tana da likitanta, mutumin da ba a taɓa ganinsa yana gudu ba ko da ana ruwan sama, amma ya san maganin kowace gaɓa, kuma duk maganarsa da "ai Turawa ma sun tabbatar" take farawa.

To tunda an jawo Turawa, bari mu ji abin da suka tabbatar ɗin. Tsamin jiki irin wannan yakan fara ne awa 12 zuwa 24 bayan aikin, ya kai maƙura tsakanin awa 24 da 72, sannan ya tafi da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai. Ɗan bokon majalisa zai gyara tabarau ya ce sinadarin laktik ne ya taru a tsoka, a shafa abu ya narkar da shi. Wannan zance ya tsufa. Laktik ɗin da ke taruwa ana cikin gudu, jiki kan kwashe shi cikin kimanin awa guda da tsayawa, wato kafin a gama labarin ƙwallon da aka kusa ci. Tun a 1902 wani masanin aikin jiki ɗan Amurka, Theodore Hough, ya ce 'yan ƙananan yagewa ne ke samun zaren tsoka in aka ɗora mata aikin da ba ta saba ba, kuma har yau a kan hanyarsa ake. Abin ya fi tsanani a aikin da tsoka ke miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, irin gangarowa daga tudu, ko sauke ƙarfe a hankali, ko cin birki ana tsakiyar gudu don gwauro ɗan shekara ashirin ya yanke ka. Jiki sai ya turo masu gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin ciwo su yi ta kai ƙara. Shi ya sa saukowa daga bene ta fi hawa azaba.

A ina duk wannan ke faruwa? Can ciki, ƙarƙashin fata, ƙarƙashin kitse, wanda alhamdulillahi ba mu rasa ba, ƙarƙashin wani tantani da ya lulluɓe tsokar. Ita kuwa fata babban aikinta hana abu shiga, da ba haka ba da duk wanda ya yi wanka ya fito a kumbure. Yauƙin alobera kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, ɗan abin da ya rage kuma yawancinsa wasu dogayen sinadarai ne dangin sukari, waɗanda girmansu bai barin su ratsa fata balle su kai tsakiyar cinya. Shafa shi a fata don ya ɗinke tsoka daidai yake da shafa wa tukunya man shanu ta waje don miyar ciki ta yi daɗi. Sanyin nan da muke ji, har mu lumshe ido mu ce "ya fara aiki", ba ƙarya ba ne, ruwan ne ke bushewa yana tafiya da zafin fata. A fatar ya fara, a fatar ya tsaya.

Amma fa mun warke, wani zai ce, ko ƙarya muke yi? Ba ƙarya muke ba. An shafa ranar Litinin, Talata da sauƙi, ranar Alhamis mutum ya ɗane babur ba tare da ya kira sunan Allah da ƙarfi ba. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne maƙwabcinmu da bai shafa komai ba, saboda matarsa ta yi yaji ta tafi da bokitinta, shi ma ranar Alhamis ɗin ya miƙe. Mu ba ma neman magani sai ranar da ciwo ya kai ƙarshensa, ranar da dama daga ita sai sauka. Duk abin da aka shafa ran nan, ko toka ce, shi zai tafi da yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kwanaki su yi aiki, barci ya yi aiki, tuwo da wake da ɗan balangu su yi aiki, alobera ta karɓi godiya.

Akwai ma wanda ake cinye wa haƙƙi fiye da kwanaki, wato mai shafawar, domin alobera ba ta shafa kanta. Maigida zai kwanta rub da ciki a tabarma, uwargida ko babban ɗa ya durƙusa yana murza sha-raɓa da cinya har hannu ya gaji, yana ta "nan, nan, ɗan sama kaɗan, yauwa", daga ƙarshe a kira autan gida a ce ya hau bayan ya tattaka. Tausa kuwa masu bincike sun yarda tana rage jin tsamin jiki, ko da ba ita ke ɗinke tsokar ba. Gudummawar yauƙin ita ce hannu ya yi santsi, kuma man gyaɗa ma zai iya wannan. Amma ka taɓa jin an fito majalisa an ce, "Wallahi hannun Maman Abba da albarka yake"? Ina. Sai dai ka ji, "Kai jama'a, alobera ba wasa ba ce." Ni a ganina rabin abin da ke kai mu gaban bokitin nan shi ne, magidanci a cikinmu ba ya iya buɗe baki ya ce a zo a yi masa tausa, sai ya ga kamar girma ya faɗi. In ya ce a shafa masa magani kuwa, ya zama majinyaci, majinyaci kuma yana da haƙƙi. A yi masa sannu, a rage wa yara hayaniya, a ƙara masa nama a miya, har a ɗage maganar kuɗin cefane zuwa gobe. Matan sun gane wannan tun tuni, suna yin shiru ne kawai, suna ajiye shi a littafin bashi.

Masu haɗi da man zafi su ma suna da tasu hujjar, domin abin yana ratsa su har ido ya kawo ruwa. Mentol ɗin da ke cikin Robb da Aboniki yana taɓa wasu 'yan masu gadi ne a bakin jijiyoyin fata, waɗanda aikinsu jin sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta shagala da saƙonsu ta ɗan manta da kukan cinya. Da mentol ɗin ma aka gano masu gadin, kuma mutanen biyu da suka yi fice a wannan fagen, David Julius da Ardem Patapoutian, sun karɓi kyautar Nobel a 2021. Saboda haka in Hajiya mai jakar kamfani ta zo gidan suna ta fito da wani mai a bututu, da hoton koren ganye a jiki da farashin da ya kai rabin buhun masara, juya bayansa ka karanta. Sau da yawa mentol na nan a jere, shi ke yin raɗaɗin, alobera ke hawa hoto. Za ta ce maka sarauniyar Masar da shi take wanka. Tsufan alobera a harkar magani dai gaskiya ne, an ambace ta a takardar likitancin Masar da ake kira Ebers, ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, asalinta kuma daga yankin Larabawa ne, tana da 'yan uwa a dajinmu irin su kabar giwa. Sai dai tsufa ba ya sa ganye ya ratsa kitse.

Kada a ce na ci amanar bokiti. A kan fata alobera tana da abin faɗa. Wanda rana ta gasa wa wuya da kafaɗa a fili, wanda cinyoyinsa suka goge juna saboda ya yi gudu da wandon shadda, mai ƙurajen zafi, mai fatar da hunturu ya busar, har mai 'yar ƙuna marar zurfi, duk za su ji daɗinta, kuma a nan ne binciken likitoci ya fi ba ta gaskiya. Sai dai a jingine ganyen tukuna ruwan nan rawaya ya tsiyaye, domin yana sa wasu ƙaiƙayi, a kuma gwada kaɗan a hannu kafin a lafta wa jiki duka. Gwiwar da tsakuwar fili ta ɓare kuwa ruwa mai tsabta da sabulu take so, ba a cusa wa rauni mai zurfi yauƙi.

Inda muke ɓata rawarmu da tsalle shi ne wajen lissafin nan namu na gado, cewa in shafawa ta yi amfani, to sha ai ya fi. Ga shi kuma mun yi imani duk abin da ya yi ɗaci magani ne, in ya fi ɗaci ya fi ƙarfi. Sai likitan majalisa ya ce a markaɗa ganyen duka, har bawon, a sha kofi guda kafin a kwanta, wai ya bi jijiya ta ciki. Ruwan nan rawaya mai ɗaci yana ɗauke da wani sinadari, alowin, wanda aikinsa guda ne, ya kori abin da ke cikin hanji da gaggawa. Har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan sa zawo da ake sayarwa ba takardar likita a 2002, saboda ba a kawo mata shaidar cewa ba ya cutarwa ba. Mai ciki da mai ciwon ƙoda ba su da haɗi da shi ko kaɗan. Yanzu ka dubi bawan Allah da cinyarsa ba ta lanƙwasuwa, ga banɗaki mai tsuguno, ga alowin ya kama aiki ƙarfe biyun dare. Da safe in ka tambaye shi sai ya ce, "Ai ya wanke ni tas, dattin ne ke fita."

Mata kuma kada su yi dariya da yawa, mun san nasu. Saura mako biyu biki, anko ya ƙi shiga, sai a kulle ƙofa a jingina waya a jikin filo a bi wata baturiya da tsalle, a kwance igiyar shanya a yi ta ɗirka har maƙwabta su aiko ko lafiya. Kwana biyu a kasa sunkuyawa a ɗauki tsintsiya. Daga nan sai a shafe ciki da alobera a naɗe da leda a ɗaure da ɗankwali, wai ta narkar da teɓa cikin dare. Abin da ke fita gumi ne, kofin ruwa biyu ya mayar da shi.

Wanda bai san wannan bidiri ba shi ne mai ga-ruwan da ke tura kura cike da jarkoki tun safe, da mai faskare, da Inna da ta yi shekara arba'in tana surfe da daka. Ba ka taɓa ganinsu a gaban bokiti. Tsoka tana da wayo, in ta sha tsami sau ɗaya takan gyara kanta, in aka maimaita aikin nan kusa ciwon ba ya kai na farko, kuma wannan kariyar takan ɗauki makonni. Manomi ya san haka ba tare da an karanta masa ba, ranar farko ta huɗa kowa jikinsa kan yi tsami, maganinsa a koma gona gobe a yi kaɗan-kaɗan har jiki ya saki. 'Yan dambe da 'yan kokawa suna da layu da guraye da saiwoyinsu, amma kullum suna fili. Mu kuwa da mun warke sai mu rataye kambas a ƙusa, mu ce sai jiki ya huta sosai, hutun ya kai wata Sallar. Shi ya sa kullum farashin ranar farko muke biya, shekara da shekaru ba mu taɓa ganin rana ta biyu ba.

Wuri guda ne raha ba ta shiga. Tsami a hankali yake zuwa, a tsoka yake zama, kuma kullum raguwa yake yi. Ciwon da ya zo farat ɗaya ana cikin wasa, aka ji ƙas, gaɓa ta kumbura, ƙafa ta ƙi taka ƙasa, wannan targaɗe ne ko abin da ya fi shi, hoto yake so a asibiti kafin kowa ya ja ko ya murza. Wanda kuma ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, tsoka ta kumbura ta yi tauri, fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, to tsokar ce ke zubar da abin cikinta a jini, kuma ƙoda ce ke shan wahalar, a tafi asibiti a ranar. Haka mai jin nauyi ko ciwo a ƙirji yana gudu. Na faɗi wannan ne don na san mu, akwai wanda zai ce a ƙara ganye biyu a gani zuwa gobe.

Bayan kowace Sallah dai sai an yi rabon 'ya'yan alobera a layinmu, domin kowane magidanci ya rantse ba zai ƙara aika yaro roƙo ba, nasa zai shuka. A samo bokiti, a manta ba a huda gindinsa ba, a cika shi da taki, a ajiye shi daidai inda ake alwala don kada ya rasa ruwa. Tsiron da ya fito daga ƙasar duwatsu da fari, wanda kan yi makonni bai ga ɗigo ba yana nan kore shar, shi ne za a riƙa shayarwa sau biyar a rana, har da nafila. Kafin wata ya zagayo saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi laushi ya kwanta. Maigida ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu ya ce dama ya sani, irin da gidan Malam suka ba shi ba mai kyau ba ne, na ƙwaran sun ɓoye.